An ce The Way of the World wasan barkwanci ne, me ya sa ban ga abin dariya ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba mu The Way of the World na William Congreve a kwas ɗin adabin Turanci, na karanta shi har ƙarshe amma wallahi kaina ya kulle. An ce wasan barkwanci ne, ni kuwa ban ga abin dariya ba, mutanen sun yi yawa kuma kowa ɗan'uwan kowa ne, sannan Mirabell ɗin da ake cewa shi ne gwarzon wasan ni dai mayaudari na gani. Don Allah a taimaka a warware min.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, wannan kullewar kan kusan duk ɗalibin da na koyar da wasan sai da ta same shi, kai har mutanen Landan da suka fara kallonsa a watan Maris na 1700 a gidan wasa na Lincoln's Inn Fields ba wani rububinsa suka yi ba. Congreve da kansa ya rubuta a sadaukarwar littafin cewa kaɗan ne a cikin wasan aka shirya don abin da gama-garin ƴan kallo suke so. Shekararsa 30 a lokacin, kuma daga shi bai ƙara rubuta wasan barkwanci ba har ya rasu a 1729. Amma ni a wajena babu wasan Ingila na wancan zamanin da ya kama ƙafarsa, kuma ina so ƙwarai ki koma masa karo na biyu.

Ki ajiye maganar soyayya tukuna, ki bi sawun kuɗi. Millamant tana da gadon fam 12,000, kuma a zamanin da ƴar aikin gida ba ta samun ko fam 10 a shekara kin ga ba ƙaramar dukiya ba ce. Rabin kuɗin, fam 6,000, yana hannun gwaggonta Lady Wishfort, da sharaɗin in ta yi aure ba da yardar gwaggon ba to ta yi asararsa. Mirabell yana son Millamant, yana kuma son ya aure ta da kuɗinta cif, ita kuwa gwaggon ba ta ko son jin sunansa, dalili kuwa shi ne a baya ya yi kamar ita yake so don ya samu ƙofar shiga gidan, tsohuwa ta yarda har ta saki jiki, sai Mrs Marwood ta tona masa asiri. Shi ke nan fa ginshiƙin labarin. Duk sauran hayaniyar a kan wa zai riƙe waɗannan kuɗi ne da kuma dukiyar ƴar Lady Wishfort ɗin.

Ki ɗauki biro ki zana dangantakar a takarda kafin ki sake karantawa, don Congreve bai tsaya ya yi miki bayani ba, a bakin mutanensa yake jefo ta tsinta-tsinta. Lady Wishfort a sama, bazawara ce mai shekara 55. Ƴarta ta cikinta ita ce Mrs Fainall, matar Fainall. Millamant ƴar riƙonta ce. Sir Wilfull Witwoud ɗan ƴar'uwarta ne da ya zo daga karkarar Shropshire, shi kuma Witwoud na birni ƙaninsa ne da suka haɗa uba. Mrs Marwood ƙawar gidan ce a fili, a ɓoye kuwa farkar Fainall ce, a can ƙasan zuciyarta kuma Mirabell take so shi ya sa take masa wannan ƙiyayyar. Ki lura, Millamant da Marwood duk ba su da aure ko da kin ga an sa musu Mrs a littafin, haka ake kiran mace baliga mai matsayi a lokacin, wannan kaɗai yana rikita ɗalibai da yawa.

To ga abin da in ba ki sani ba wasan ba zai taɓa yi miki ma'ana ba. A dokar Ingila ta wancan lokacin, mace tana yin aure dukiyarta ta koma hannun miji. Kuɗinta na hannu ya zama nasa, kuɗin hayar filayenta shi zai karɓa, ba za ta sa hannu a yarjejeniya da sunanta ba, ba za ta kai ƙara ita kaɗai ba, a idon doka miji da mata mutum ɗaya ne kuma mutumin shi ne mijin. Sai a 1870 da 1882 majalisa ta yi dokokin da suka bar wa matar aure abinta. Rabuwa kuma kusan babu ita, wanda yake son saki na gaskiya da zai ba shi damar sake aure sai majalisar ƙasa ta yi doka ta musamman a kansa, abin da sai manyan masu kuɗi ƴan ƙalilan, haka aka zauna har 1857. Mu da muka tashi a inda gadon mace nata ne, sadakinta nata ne, ga saki ga kuma hul'i, dole mu ga kamar matan wasan nan sun cika tsoron aure ba dalili. Suna da dalili babba. Budurwa mai fam 12,000 in ta yi kuskuren miji, ta ba da kanta da dukiyarta ke nan har mutuwa. Hanya ɗaya tak ta rage, ita ce kafin a ɗaura aure ta sa lauya ya rubuta takarda a damƙa dukiyar amana a hannun wani mutum na uku, kotun Chancery tana mutunta irin wannan takardar, miji ba shi da ikon taɓawa. Ki riƙe wannan, don ita ce za ta kashe wasan a ƙarshe.

Dabarar Mirabell kuwa, ya ɗauki yaronsa Waitwell ya yi masa shigar attajiri, aka ce wai kawunsa ne Sir Rowland wanda ba ya ƙaunarsa, ya zo neman auren Lady Wishfort don ya haifi magaji ya hana Mirabell gado. Ya san tsohuwa za ta faɗa, ga son aure ga son ramuwa. Amma da sassafen ranar sai da ya tabbatar an ɗaura wa Waitwell aure da Foible, mai yi wa Lady Wishfort hidima, saboda a Ingila mace ɗaya ake aura, ke nan duk alkawarin da Sir Rowland na bogi zai yi ba shi da tushe, kuma yaron ba zai samu damar cin amanar ubangidansa ya aure tsohuwar da gaske ya haye dukiya ba. In ta shiga tarko sai Mirabell ya fito ya ce zai cece ta daga abin kunya in ta ba shi Millamant. Abin ya watse ne don Marwood tana laɓe a ƙuryar ɗaki ta ji Foible da Mrs Fainall suna maganar, ta kuma ji abin da ya fi wannan, cewa Mrs Fainall ta taɓa yin soyayyar ɓoye da Mirabell. Ta kai wa Fainall, su biyun suka shirya tasu.

Maganar dariya yanzu. Da farko dai wannan rubutu ne na dandamali, an yi shi don a ji shi a bakin ƴan wasa, kuma Turancinsa ya haura shekara 300, in kina karantawa shiru kina duba ƙamus kowane layi to dariyar ta riga ta wuce kafin ki iso. Amma ki buɗe farkon kashi na uku ki kalle shi da idon zuci. Lady Wishfort tana gaban madubi, Foible ta fita ba ta dawo ba, tana ta zazzaga wa ƙaramar ƴar aiki Peg masifa, ta ce a kawo mata ja, yarinya ta rasa ko jan kwalliya ake nufi ko jar barasar da uwargida take kurɓa a ɓoye, an kawo barasar kuma ta yi faɗa wai kofin ya yi ƙanƙanta, ana ƙwanƙwasa ƙofa ta ce maza a tura kwalbar ƙarƙashin tebur. Da Foible ta dawo ta ba ta labarin ƙarya cewa Mirabell ya zage ta, tsohuwa ta haɗe rai har farar hodar da ta shafe fuska da ita ta tsattsage, ta kalli madubi ta ce ta koma kamar tsohon bango da ya ɓaɓɓare, dole Foible ta gyara ta kafin Sir Rowland ya zo ko ta dace da hoton da aka kai masa. Irin hodar nan da farar dalma ake haɗa ta, tana cin fata, sai mace ta ƙara shafawa don ta rufe ɓarnar da ita hodar ta yi. A kashi na huɗu kuma tana ta gwajin yadda baƙon zai same ta, ko a zaune, a'a ko tana tafiya sai ta juyo, a'a gara a kishingiɗe a doguwar kujera ƙafa ɗaya tana lilo, yana shigowa ta zabura kamar an firgita ta. In ƴar wasa ta iya, gidan kallo gaba ɗaya kifewa yake yi. Ni kuma duk sanda na kai nan dariyar tana zuwa min da tausayi, don matar nan an raine ta ne a duniyar da ba ta da wata daraja sai ta kyau, kyau ya tafi, ba a koya mata komai ba da za ta riƙe a madadinsa, kuma kowa a gidanta, har mai yi mata kwalliya, da kuɗin wani a aljihunsa.

Su Witwoud da Petulant kuwa su ne ƴan ƙwalisar gari. Petulant yakan fice daga gidan shan cakulan, ya je ya ɓad da kama ya sa abin rufe fuska, ya hau keken doki na haya ya dawo ƙofar wurin yana aike a kira masa Petulant, don dai a ce ana nemansa, wani lokaci har ya bar wa kansa wasiƙa. Yana biyan mata kuɗi su zo suna tambayarsa a bainar jama'a shi kuma ya ce ba zai fito ba. Witwoud kuma da yayansa Sir Wilfull ya iso daga karkara da takalman hawa duk ƙura sai ya yi kamar bai san shi ba, wai a birni ba a yayin sanin dangi, irin dai ɗan da ya je birni ya waye har yake jin kunyar a gan shi da yayansa na ƙauye. Yayan bai bar shi ba, a gaban mutane ya tuna masa lokacin da yake yaron lauya yana rubuto wasiƙa gida da gaisuwa ta ladabi. Ki kula da abin da Congreve ya yi da Sir Wilfull, ya sa mun yi masa dariya, ya bugu ya yi waƙa, an kulle shi a ɗaki da Millamant ya rasa abin cewa, amma da rana ta ɓaci shi ne ya tsaya da gaskiya, ƴan birnin masu iya magana ba su tsinana komai ba.

Akwai kuma zaman da matan suke yi wasu darare a mako, gida-gida, ba aikin komai sai yanka mutuncin waɗanda ba sa nan. Ba a nuna mana zaman ba amma inuwarsa tana kan kowa. A wannan duniyar suna shi ne jari, in ya zube ba ka da komai, shi ya sa kowa yake magana a lulluɓe, Mirabell da Fainall a farkon wasa sun gama karta suna hira kamar aminai alhali kowa yana auna ɗan'uwansa, Mrs Fainall da Marwood suna yawo a lambun St James suna rantsuwar sun tsani maza alhali kowacce so take ta gano ko ɗayar tana son Mirabell. In kin karanta layi kika ɗauke shi a yadda aka faɗa, an wuce ki. Kullum ki tambayi kanki me mai maganar yake ɓoyewa.

Yanzu Millamant, wadda saboda ita nake son wasan nan. Congreve ya rubuta ta ne don Anne Bracegirdle, fitacciyar ƴar wasan lokacin, kuma bai fito da ita ba sai tsakiyar kashi na biyu bayan an gama ja mana rai da labarinta. Ta shigo da mafici a buɗe, wawaye na biye da ita, tana cewa wasiƙun masoya sun dame ta, da su take naɗe gashinta, amma masu waƙa kawai, don ta taɓa gwada na zube gashin ya ƙi kwanciya. Tana cewa mace tana ƙera masoya yadda ta ga dama, su rayu iya yadda ta so, su mutu sanda ta so, in ta ga dama ta ƙera wasu. Karatun farko za ki ce wannan ai ƴar rainin hankali ce mai ji da kanta. To ki duba matan da ke kewaye da ita. Ƴar gwaggonta tana auren mutumin da ya tsane ta. Marwood ta ba Fainall mutuncinta da kuɗinta ya cinye. Gwaggonta ta zama abin dariyar gari. Duk macen da ta nuna tana so a gidan nan an cuce ta. Millamant ta ga wannan sarai, ta kuma san ranar da ta ce na yarda ikonta ya ƙare, don haka jan ajin nan da dariyar nan su ne kaɗai garkuwarta, ba ta da wata.

Sai ki je kashi na huɗu, wurin da suke kafa wa juna sharuɗɗa, wanda shi ne zuciyar wasan kuma kusan tabbas sai ya fito muku a jarrabawa. Ta ce za ta yi barcinta da safe har sanda ta ga dama. Ba ta yarda a kira ta da sunayen nan na matata, masoyiyata, zinariyata da ma'aurata suke yi a gaban mutane ba. Ba sumbata a bainar jama'a, ba fita lambun shaƙatawa na Hyde Park tare a sabon keken doki ranar Lahadin farko don a gan su sannan a daina ganinsu tare har abada. Ta ce su riƙa ɗan nesa-nesa kamar sun daɗe da aure, su kuma riƙa girmama juna kamar ba su yi auren ba sam. Za ta ziyarci wanda take so, ta karɓi baƙin da take so, ta rubuta wasiƙa ta karɓi wasiƙa ba tambaya ba ɓata rai, ta sa tufafin da take so, ba dole ta yi hira da abokansa ko wawayen danginsa ba, in ranta ba daɗi ta ci abincinta a ɗakinta ba sai ta ba da dalili ba, ƙuryarta ba mai shiga, teburin shayinta ita ce sarauniyarsa, kuma duk inda take sai ya ƙwanƙwasa kafin ya shigo. In ya sa hannu a wannan, in ji ta, to wataƙila a hankali ta ƙanƙance ta zama matar aure.

Ana dariya a wurin nan, amma ki sake karanta jerin a nutse. Ba ta roƙi kuɗi ba, ba ta roƙi gida ko sarƙa ba. Ɗaki ta roƙa, da wasiƙunta, da lokacinta, da a nemi izini kafin a faɗo mata. Abubuwan da doka ba za ta ba ta ko ɗaya ba ne, don haka take neman su a bakin mutumin tun tana da bakin magana. Kuma tsoronta na biyu shi ne sabo, ta ga yadda ake zumuɗin wata guda sannan raini ya shigo, tana so a bar ɗan fili a tsakani don mutunci ya samu wurin zama. Shekara 300 da wani abu, har yau ban ga an rubuta wannan fargabar ta budurwa mai hankali da kyau kamar haka ba.

Shi ma ya kawo nasa. Ba aminiyar sirri da za ta riƙa ja ta zuwa gidan wasa da fuska a rufe, ta ci gaba da son fuskarta yadda take ba shafe-shafen dare, in ta samu ciki ba ɗaure ƙugu da zai matse ɗan, teburin shayi kuma ya tsaya a shayi da cakulan da gahawa, ban da barasar da matan gari suke sha da sunan magani. Ta yi ta tsaki tana cewa sharuɗɗan banza, amma ki lura duk abin da ya hana abin da ya lalata gwaggonta ne, hodar da kwalbar da ƙawar munafunci. Sannan bayan ya fita, ta juya ta gaya wa Mrs Fainall cewa in Mirabell bai zama miji nagari ba to ita ta hallaka, don ta gane tana sonsa so mai tsanani. Layi ɗaya ne tak, a duk wasan nan ne kaɗai ta sauke garkuwar, kuma ba a gabansa ba.

To mu zo kan Mirabell, inda kika ce mayaudari kika gani. Ban ce kin yi kuskure ba. Ya yaudari tsohuwa da soyayyar ƙarya, ya shirya mata kawun bogi, kuma mafi muni, lokacin da Mrs Fainall take bazawara ya yi tarayya da ita, da suka ji tsoron ciki bai aure ta ba, sai ya nemo mata Fainall, mutumin da shi da bakinsa ya ce ya san ba shi da kirki, ya zaɓe shi ne don sunansa ya isa ya rufe asiri amma bai kai mutumin da za a ji nauyin cutarsa ba. Da ta tambaye shi me ya sa ya aurar da ita ga wannan mutum, amsar da ya ba ta a sanyaye take ƙwarai. Wannan ba ya wankuwa, kuma kada ki bari wani littafin sharhi ya wanke miki shi.

Ki san daga inda irinsa ya fito. Majalisa ta rufe gidajen wasa a 1642, aka yi yaƙin basasa, aka sare kan Sarki Charles na ɗaya a 1649, ba a sake buɗe su a hukumance ba sai da ɗansa Charles na biyu ya dawo daga gudun hijira a 1660, kuma a lokacin ne mata suka fara hawa dandamali a Ingila, da can samari ne suke fitowa a mata. Wasannin shekarun da suka biyo baya gwarzonsu kusan kullum ɗan duniya ne mai iya baki, mai bin matan mutane, kuma shi yake cin nasara. Kafin 1700 iska ta juya, Sarki William na uku ne a kan gado, ƴan kasuwa masu son kamun kai sun yi ƙarfi, kuma a 1698 wani malamin coci Jeremy Collier ya fitar da littafi yana ragargazar gidajen wasa da lalata tarbiyya, ya kama sunan Congreve da wani marubucin wasa Vanbrugh. Congreve ya mayar masa da martani a rubuce, amma amsarsa ta gaske wasan nan ne. Ya ɗauki ɗan duniyar nan na da ya raba shi biyu. Fainall da Mirabell tufafinsu ɗaya, iya maganarsu ɗaya, tarihinsu da mata kusan ɗaya, har mai kallo ba zai bambance su a kashi na farko ba, kuma da gangan aka yi haka. Fitaccen ɗan wasan zamanin ma, Thomas Betterton, Fainall ya fito.

Bambancin sai a kashi na biyar. Fainall ya tsare surukarsa da barazanar zai tona asirin ƴarta a gaban kotu da duniya in ba a cika masa abu uku ba, a ba shi fam 6,000 na Millamant, a sa masa sauran dukiyar matarsa a hannu, ita kuma tsohuwar ta yi alkawarin ba za ta sake aure ba. Na farkon ya rushe da Millamant ta ce ta yarda za ta auri Sir Wilfull yadda gwaggo take so, wanda shiri ne da Sir Wilfull ɗin ya amince ya taya su. Foible da Mincing, mai hidimar Millamant, suka fito suka ba da shaidar sun kama Fainall da Marwood, an sa su rantsuwar yin shiru amma da littafin waƙoƙi aka rantsar da su don haka ba ta ci su ba. Fainall ya ce duk wannan bai dame shi ba, dukiyar matarsa dai tasa ce. Nan ne Waitwell ya shigo da baƙin akwati. A ciki akwai takardar da Mrs Fainall ta sa wa hannu tun tana bazawara, kafin aurenta, ta damƙa duk abin da ta mallaka amana a hannun Mirabell, shaidu kuwa Witwoud da Petulant ne, sun sa hannu ba su ko karanta ba. Ke nan tun ranar farko Fainall ba shi da ko sisi a ciki. Ya zare takobi ya yi kan matarsa, Sir Wilfull ya tare shi.

Ga inda nake so ki tsaya ki yi tunani. Duk tsawon lokacin nan dukiyar matar nan kacokan tana hannun Mirabell, mijinta bai sani ba, da ya so ci da ya ci. Bai taɓa ba, kuma a ƙarshe ya miƙa mata takardarta. Fainall aka ba shi amanar mata biyu ya cinye duka. Congreve bai ce miki Mirabell salihi ba ne, abin da ya nuna shi ne a cikin mutanen da kowa ke ƙarya, akwai wanda in an ba shi ajiya za a same ta, kuma Millamant da za ta miƙa kanta da fam 12,000 wannan ne kaɗai ma'aunin da take da shi. Ko a kashi na farko ma ya ce yana sonta da aibobinta, ya zauna ya lissafa su ya haddace don ya tsane ta, sai suka zame masa sabo kamar nasa. Wannan maganar wanda ya kalli mutum da kyau ce, Fainall bai taɓa kallon kowa haka ba.

Duk da haka Mrs Fainall tana ci min rai, kuma ina ganin Congreve ya so ta ci mana rai. Ana rawa a ƙarshen wasa, kowa ya samu nasa, ita kuwa har yanzu matar mutumin da ya zare mata takobi ce, ba saki, abin da Mirabell ya iya ce mata kawai shi ne in ta yi amfani da takardar da dabara wataƙila su zauna lafiya. Ta taimaki tsohon masoyinta ya auri ƴar'uwarta, ba ta taɓa yi musu baƙin ciki ba, kuma ita ce ta fita da mafi ƙarancin rabo. In malaminku ya tambaye ku ko wasan ya ƙare da adalci, da ita za ki fara.

Wasan ya daɗe ana yi masa kallon mai wuyar sakawa a dandamali, sai Edith Evans ta fito a Millamant a gidan wasa na Lyric da ke Hammersmith a 1924 mutane suka ga abin da ke ciki, Maggie Smith ma ta yi shi a 1984 tare da Joan Plowright a Lady Wishfort. In kin samu wani da aka ɗauka a intanet, ko na murya ne kawai, ki saurara da littafin a hannu. In ba ki samu ba ki nemi ƙawarki ɗaya a aji, ke ki ɗauki Millamant ita ta ɗauki Mirabell, ku karanta wurin sharuɗɗan da ƙarfi kuma da sauri, kada ku tsaya duba ƙamus sai kun kai ƙarshe, sannan ku yi haka da farkon kashi na uku. A jarrabawa kuma ki rubuta ra'ayinki a kan Mirabell yadda kika gaya min, amma ki kawo hujjar auren Mrs Fainall da ta baƙin akwatin duka biyun, kada ki ɓoye ɗaya. Allah ya ba da sa'a.